Riƙo, mallaka da sakainar kashi

Tambaya: Malam, a labaran rediyo na ji an ce Birtaniya ce ke "riƙe" da tsibiran Fokland, Ajantina kuma na cewa nata ne. Me ya hana a ce Birtaniya ta "mallake" su? Daga wani mai karatu a Mubi.

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya fassara labarin ya san Hausa. Ka duba ɗan riƙo. Yaro yana gidan gwaggonsa, ita ke ci da shi, ita ke sa shi makaranta, amma ranar da uban ya zo sai ta zauna ta ba shi labarin lafiyar yaron da karatunsa. Riƙo yana tafe da ba da bahasi, shi kuwa mai mallaka ba wanda yake yi wa bayani.

Haka abin yake a Majalisar Ɗinkin Duniya. Sashe na 73 na kundinta na 1945 ya kira kula da yankunan da ba su sami mulkin kai ba amana, ya kuma ɗora wa mai riƙo aika wa Babban Sakatare bayanai a kai a kai kan tattalin arziki, zamantakewa da ilimin mutanen wurin. Yankuna 17 ne yanzu a jerin da Majalisar ke da shi na irin waɗannan wurare. Birtaniya na aika na Fokland, Ajantina na kiran tsibiran Malbinas, har yaƙi suka gwabza a 1982. Rahoton bai raba gardamar mai wurin ba, ya dai nuna wanda za a tuhuma in yaro ya rame. Ai ku mutanen Mubi kun san zancen, don ƙasarku ta zauna a hannun Ingila a matsayin amanar Majalisar, ƙarƙashin wani tsari na daban, kafin ƙuri'ar 1961 ta haɗa ku da Najeriya.

Tambaya: To mene ne "riƙon sakainar kashi"?

Amsa: Sakaina ɓallin fasasshiyar ƙwarya ce. Da ita uwa kan kwashe kashin yaro, ta kama ta da bakin yatsu biyu, hannu a miƙe, tana neman inda za ta yar. Duk wanda ya riƙe abu a wulaƙance, haka ake ce masa. Ni dai ba na jin wannan magana ban tuna da Yammacin Sahara ba. Yankin na cikin jerin tun 1963. A Fabrairun 1976 Sifaniya, wadda ke riƙe da shi a da, ta rubuta wa Majalisar cewa ta fita, ba ruwanta kuma. Maroko, wadda ke iko da mafi yawan ƙasar, ta ce ba riƙo take yi ba, nata ne, ƙungiyar Folisariyo ta 'yan yankin kuma na neman 'yanci. Ga shi sunan yana nan a jeri, amma babu ƙasar da ke aika rahoton da sashen ya nema.