Injin Busar da Kaya Ya Tsuke Mini Shaddar Maigida

Tambaya: Malam, saboda damina na sayi injin busar da kaya. Ga shi kaftanin shaddar maigidana ya tsuke, sheƙinsa ya dushe. Kuma yanzu sai injin ya yi awa biyu kaya ba su bushe ba. Ya lalace ne?

Amsa: Hajiya, kada ki yi saurin kiran mai gyara. Mu fara da shaddar, don na san nan ne abin ya fi ciwo.

Shadda mai kyau auduga ce. Lokacin saƙa ana jan zarenta a miƙe, to da ta jiƙe, ta sha zafi, gangar injin kuma tana ta wurgi da ita, sai zaren ya koma yadda yake. Shi ne kika ga hannun riga ya haura. Sheƙin kuwa a saman yadin yake, gogayya ce ke cinye shi. Ni dai ban yarda a sa shadda ko leshi mai duwatsu a injin nan ba, ko da a ƙaramin zafi. Igiya a inuwa, sai guga.

Wanda ya riga ya tsuke, ki jiƙa shi a ruwan ɗumi da ɗan kwandishana ta gashi kamar minti 30, ki matse cikin tawul, ki shimfiɗa kina jan hannuwa da gindin rigar a hankali. Zai ɗan saki, amma ba lallai ya dawo daidai ba. Masu bugu za su iya farfaɗo da sheƙin.

Sauran kaya, ki riƙa duba ɗan ƙyallen da ke wuya ko gefen riga. Alamar akwati mai da'ira a ciki na nufin ana iya sawa a injin: ɗigo 1 zafi kaɗan, ɗigo 2 zafi matsakaici. In an soke shi da gicciye, a bar wa igiya.

Batun daɗewa kuwa, na fi zargin ragar da ke bakin ƙofar injin. Zare ta ki gani, za ki tarar da ɓurɓushin zare ya yi kauri kamar bargo. Iska ba ta wucewa, damshi ba ya fita. Bayan kowace busarwa ake share ta, kuma wannan ɓurɓushi yana kama wuta, ba abin wasa ba ne. In injinki mai bututu ne a baya, ki tabbatar bai lanƙwashe ko ya toshe ba. In mai tankin ruwa ne, ki riƙa zubarwa. Kada ki cika ganga maƙil, ta ɗan wuce rabi ya isa, kuma tawul daban, ƙananan kaya daban.

Tabon manja ko maiƙo kuma ki duba shi tun kayan na jiƙe. In bai fita ba, ki shafa sabulun wanke-wanke ki sake wankewa, don da zarar ya shiga zafi ya zauna ke nan.

In kin share raga da bututu amma iskar ciki ba ta ɗumi, to lokacin ne za ki kira mai gyara ya duba hita.