Jini a Bayan Gida: Basir Ne ko Sankarar Hanji?

Tambaya: Likita, yayana ɗan shekara 43 ya kusa wata shida yana ganin jini a bayan gida. Maganin basir yake ta sha, ga rama. Na ji an ce sankarar hanji ta fara kama matasa. Gaskiya ne? Ana warkewa kuwa?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Allah ya ba yayanka lafiya. Gaskiya ne. A 2020 kusan mutum miliyan 1.9 ne suka kamu da sankarar babban hanji da dubura a duniya, fiye da dubu 900 suka rasu. A Amurka mace-macen dattawa na raguwa saboda gwaji da wuri, amma cutar na ƙaruwa ga waɗanda ba su kai 50 ba. Shi ya sa a 2021 aka dawo da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45.

Warkewa ta danganta da lokacin da aka gano ta. In tana cikin hanji kawai, kusan tara cikin goma na wuce shekara biyar a raye. In ta kai hanta ko huhu, ba sa kai biyu cikin goma. Abin da ke damunmu, yawancin majinyatanmu sai ta yi nisa suke zuwa, bayan an gama jiƙe-jiƙen basir.

Jinin basir ja ne zur, yana ɗiga bayan an gama. Na sankara yakan cakuɗe da kashin, ya yi duhu, wani lokaci da majina, mutum ya riƙa jin kamar bai gama ba. Amma ido ba ya raba gardama, domin ana iya samun duka biyun tare. Jini na wata shida da rama ba abin jira ba ne.

A kai shi wurin likitan tiyata a makon nan. Zai duba dubura da yatsa, ya auna jininsa, sannan ya tura shi a leƙa hanjin da kyamara. Ana gobe za a yi, ruwa-ruwa kawai zai sha, kuma ya shanye maganin wankin ciki tas. In hanji bai wanku ba, kashi yakan rufe tsiron da ake nema a jikin hanjin, sai an sake. Duk tsiron da aka gani za a cire ko a gutsiro a auna.

In ta tabbata sankara ce, ku ’yan’uwansa ciki ɗaya ku fara gwaji tun kuna 33, wato shekara goma kafin shekarun da aka gano tasa.