Ɗauke wuta na cinye min riba: in ci bashi in sayi janareta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon daskararrun kaji da kifi a Aboabo, nan Kumasi, firiza uku. Watan jiya wuta ta ɗauke kwana da yini, katan huɗu na kifi suka saki jiki, dole na karyar da su. Yarana sun matsa in ci bashi in sayi janareta. Wai ni kam, ina Akosombo ɗin da muke ji tun muna yara?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri.

Dam ɗin Akosombo mai samar da wutar lantarki na nan daram, ƙasar ce ta fi ƙarfinsa. Tun 1965 aka kammala shi, iyakarsa megawat 1,020. An ƙara dam ɗin Kpong a 1982 da na Bui mai megawat 400 a 2013, amma bukatar Ghana da daddare ta haura megawat 3,000. Fiye da rabin wutarmu yanzu daga tashoshi masu ƙona iskar gas take, a Aboadze da Tema, har da wadda aka dawo da ita Anwomaso, nan kusa da ku. Gas ɗin wani daga Atuabo, wani ta bututun da ya taso daga Najeriya. A Agustan 2012 angar wani jirgin ruwa ta fasa bututun nan a gaɓar Togo, ya yi kusan shekara a rufe, abin da ya hura wutar dumsor, wato yawan ɗauke wutar nan da muka sha.

Wato wuta ma haja ce mai bin hannu da hannu. VRA, hukumar da ke kula da Akosombo, da 'yan kasuwa masu tashoshi su samar, GRIDCo ya yi dako, ECG ya raba gida-gida, hukumar PURC ta yanka farashi tana duban dala da kuɗin gas. Hannu ɗaya ya kakare, firizarki ta yi shiru. Wannan ba ya hannunki, mu koma kan abin da ke hannunki.

A ganina, kada ki ci bashin tukuna. Masu nazarin ingancin kaya ba sa sayen magani sai sun auna ciwo. Nemi ma'aunin sanyi, ki saka ɗaya a kowace firiza. Daskararren nama yana son digiri 18 ƙasa da sifili. Ki ware littafi, yaron shago ya riƙa rubuta abin da ma'aunin ya nuna safe da yamma, da lokacin da wuta ta tafi da lokacin da ta dawo. Bayan wata biyu ba za ki ce "wuta na damuna" ba, za ki ce awa kaza, katan kaza, sidi kaza. Wannan kuɗin za ki ɗora a sikeli ɗaya, ki ɗora mai da gyara da biyan bashi a ɗayan.

Da daddare fa, ba kowa a shago? Ki daskarar da ruwa a kofi, ki ɗora kwandalar sidi ɗaya a kan ƙanƙarar, ki bar shi ciki. In kin buɗe da safe kin tarar kwandala ta nutse gindin kofi, kayan sun narke sun sake daskarewa, ko da hannu ya ji su kamar dutse.

Sai yawan kaya. Kifin nan tun daga tashar jiragen ruwa ta Tema yake tahowa a motar sanyi, ya sauka wurin manyan diloli a Asafo. Su ke da ɗakunan sanyi, to ki bar su su riƙe miki. Sarin kwana uku sau biyu a mako ya fi sarin sati biyu, ko da kuɗin mota ya ɗan ƙaru. Da wannan dabarar ta ƙin jibge kaya Toyota ta yi suna a Japan. Na san zuciyar ɗan kasuwa, musamman gab da Sallah ko in sidi na faɗuwa, sai a ce a cika kafin farashi ya tashi. Ribar da ake hange, dare ɗaya na duhu ya lashe ta. Kuma wanda ya fara shiga shi zai fara fita, kada sabon katan ya danne tsoho a ƙasa.

Akwai wani abu kuma. Cikakkiyar firiza da ba a buɗewa tana riƙe sanyi kusan kwana biyu, mai rabin kaya kwana guda, a zafin Kumasi ma ki rage. To in kin rage sari, cike gurbin da ledojin ruwan sha daskararru. Wuta na ɗaukewa ki haɗa kayan a firiza biyu, ki rufa musu bargo, a daina leƙe.

In lissafi ya nuna janareta ya zama dole, ki sani firiza na jan wuta ninki uku ko fiye a lokacin tashi. Ƙaramin inji ba zai tayar da uku gaba ɗaya ba, sai dai ɗaya bayan ɗaya. Kafin nan ki tuntuɓi maƙwabtanki na layi, ko ku haɗa kuɗi ku ɗauki babba guda.

Kifin da ya narke har ya yi ɗumi kuwa, kada ya sake komawa firiza don sayarwa. In littafin ya cika wata biyu, turo min hoton shafukan mu duba tare.