Amsa ga ƙanenmu mai manhajar susu, wato adashi

Salamu alaikum jama'ar gurup. Ku yi haƙuri da hayaniya, ina bakin kasuwar Nima ne a Accra, masu trotro na ta oda.

Ƙanena, na saurari muryarka. Ka ce saba, wato kwamfutar da manhaja ke magana da ita ta intanet, tana turo wa manhajarka sunan aiki a rubuce, kamar karbiKudi ko nunaBashi, kai kuma kana kiran metod ɗin, wato guntun kod ɗin da ke yin aikin, da sunan nan ta getMethod da invoke, dabarar da ake kira rifilekshan a Java. A wayarka lafiya lau, amma wadda ka haɗa don Play Store, da an danna sai ta mutu da NoSuchMethodException, wato ba a sami metod mai wannan suna ba.

To, kod ɗinka bai lalace ba. R8 ne. Tun 2019 shi ne mai matse manhajar Android a madadin ProGuard, kuma idan ka kunna minifyEnabled abu biyu yake yi. Yana gajarta sunaye, karbiKudi ta koma a, nunaBashi ta koma b. Kai kuma kana nan riƙe da tsohon suna, kamar mai sallama a ƙofar gida da sunan da babu wanda ke amsa shi a gidan. Na biyun ya fi muni: duk metod ɗin da bai ga ana kiranta kai tsaye ba, sai ya ɗauka ba ta da amfani ya share ta. Sunan da saba za ta turo kuwa sai manhaja tana gudana yake zuwa, ina R8 zai san shi? Buɗe mapping.txt za ka ga sabon sunan da kowace ta samu, wadda ba ka gani ba an cire ta ke nan. Ka ɗora @Keep a kan metod ɗin, ko ka rubuta dokar keep a proguard-rules.pro, shi ke nan ta wannan ɓangaren.

Ka kuma lura, getMethod na fili kaɗai take gani, ta ɓoye sai getDeclaredMethod. Kuma int.class daban, Integer.class daban, in ka saɓa, kuskuren nan dai zai dawo. In ka ga InvocationTargetException, ba ita ce cutar ba, kira getCause ka ga ainihin abin da ya fashe a ciki.

Amma wallahi ba wannan ya sa na tsaya yin murya ba. Kuɗin mutane ne fa a manhajar nan. Mata masu waakye da masu koko ne ke zuba sidi goma, sidi ashirin kullum. In duk sunan da ya shigo daga waje kana miƙa shi ga invoke, to duk wanda ya iya sauya saƙon nan zai kira kowace metod ta fili da ke kilas ɗin, wato rukunin kod ɗin da metod-metod ɗin ke ciki, har wadda ke goge lissafi, in dai tana can. Ka bar wa baƙo zaɓin abin da zai gudana ke nan.

Ayyukanka nawa ne duka? Ba su da yawa. Ka yi Map, wato jeri mai haɗa abu da abu, kowane suna ka ɗaura shi da aikinsa da hannunka. Sunan da ba ya ciki a ƙi shi, a rubuta a ajiye don ka san an gwada. R8 zai ga kiran, ba zai share komai ba, in ka yi kuskuren harafi a sunan metod kuma tun wajen haɗawa za a kama ka, ba sai a hannun Hajiya mai karɓar zubi ba.

Rifilekshan ba abin gudu ba ne, yana Java tun 1997, da shi JUnit, kayan gwada kod, ke gano gwaje-gwajenka, Spring, kayan gina manhajar Java, ma da shi take aiki. Su ba su san kilas ɗin da za ka rubuta ba, dole su tambaya lokacin gudu. Kai ka san naka.

Turo min fayil ɗin da invoke ke ciki ta akwatina, bayan Isha'i in Allah ya yarda mu mayar da shi Map tare.