Abin da ya sa gilashi mai tudu ke juya hoto kai ƙasa

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa gilashi mai lamba +10 na cikin akwatinmu na gwajin tabarau ke ƙara wa rubutu girma in ka kusantar da shi, amma da ka miƙa hannu ka hangi bakin titi sai ka ga 'yan kabu-kabu kai ƙasa, taya sama. Lafiyar gilashin ƙalau.

Shafa shi da yatsa ka ji: tsakiya kauri, gefe siriri. Haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa cikin iska, da ya shiga gilashi sai gudun ya ragu zuwa wajen 200,000. Wanda ya bi ta tsakiya cak wucewa yake abinsa. Wanda ya faɗo gefe, inda fuskar gilashin ta karkata, sai ya tanƙwaro ciki. Hasken da ya taso daga nesa duk wuri ɗaya yake haɗuwa a bayan gilashin. Wurin nan shi ne matattara.

Auna ta da kanka. Riƙe gilashin kusa da farin bango, ƙofar shago na fuskantarsa, kana matsawa a hankali har itacen dogonyaron da ke ƙetaren titi ya fito tangaran a bangon. Sa rula: santimita 10 za ka samu. Lissafin bai da wuya, raba 100 da lambar gilashi. +2.00 santimita 50 ke nan, +2.50 kuma 40, +4.00 ya ba ka 25. Kada ka yi gwajin da rana. Ranar Sakkwato in ta taru a matattara, kafin ka ankara takarda ta fara hayaƙi, balle ido.

To ga amsarka. Muddin rubutu na tsakanin gilashi da matattara, hasken ba ya samun haɗuwa, a buɗe yake isa idonka, sai ido ya ɗauka daga wani babban abu ya taso. Shi ya sa kake ganinsa a tsaye, ya yi girma, amma ba za ka taɓa kama wannan hoto a bango ba. Da abu ya wuce matattara, hasken sai ya gitta juna: na kai ya sauka ƙasa, na ƙafa ya hau sama.

Kunna kyandir da dare ka gwada. Ajiye shi santimita 30 daga gilashin, hoton zai fito kan farar takarda in ka riƙe ta a santimita 15 ta ɗaya ɓangaren, rabin girmansa, a juye. Kawo shi 20, hoto a 20, girma ɗaya. Matso da shi 15, hoto ya gudu 30, ya ninka. A 10 daidai babu hoto ko ka kai takardar ƙarshen ɗaki. Abin da ɗalibai ke haddacewa don WAEC ke nan, 1/f = 1/u + 1/v (f nisan matattara daga gilashi, u nisan abu, v nisan hoto), da yawansu ba su taɓa riƙe gilashin ba.

Inda abin ya shafi abincinmu, mu masu haɗa tabarau, shi ne tsakiyar gilashi. Dattijo ya kawo tsohon tabarau ba takardar lambarsa, ɗaga shi kan layi ka motsa hagu da dama: in layin ya gudu saɓanin hannunka mai tudu ne, in ya bi hannunka mai kwarmi ne. Sannan zana gicciye a takarda, ka matsa gilashin har layukan ciki su haɗu da na waje ba karaya, ka ɗiga alama a mahaɗar. Ɗigon nan dole ya zauna saitin ƙwayar ido. Ka kauce da milimita 5 a gilashin +4.00, ka karkatar da hasken gefe, idanu biyu su yi ta kokawar haɗa hoto, mutum ya dawo da ciwon kai alhali lambar daidai take. Don haka auna tazarar ƙwayoyin idonsa kafin ka kai gilashi bakin dutsen yanka.