Ka fara da rakugo, kabuki ya biyo baya

Ɗan'uwa, ka tambaya ta ina wanda bai jin Jafananci zai kama wasan gargajiyar Japan. Ni dai rakugo zan ce maka.

Mutum ɗaya ne durƙushe a kan matashi yana ba da labari, yawanci na ban dariya, ba ya tashi har ya gama. Kayan aikinsa biyu kacal, mafici da ɗan ƙyalle. Zai naɗe maficin ya zama tsinken cin taliya, yana zuƙa da ƙara har yawunka ya tsinke. Ya juya kai dama, uba ne ke magana. Ya juya hagu, ga ɗa yana ba da amsa. Ko baƙo na gane wannan. Nemi Katsura Sunshine a YouTube, ɗan Kanada ne da ke yin sa da Turanci. In Allah ya kai ka Tokyo, akwai gidan rakugo na Suehirotei a unguwar Shinjuku.

Kabuki kuwa, wato wasan kwaikwayon dandali mai kiɗa da rawa, yana da tsawo, wasa ɗaya kan ci sa'o'i huɗu. A gidan wasan Kabukiza da ke unguwar Ginza a Tokyo ana sayar da tikitin ɓangare ɗaya da araha, shi za ka saya. Ka karanta labarin kafin ka shiga, don harshensu tsoho ne, su kansu Jafanawa da yawa sai da na'urar bayani a kunne. Kuma duk maza ne, har masu fitowa a mata, don an hana mata hawa dandalin a 1629, al'adar kuma ta ɗore.