Amsa ga mai shirin zaman wata shida a garin manoma

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce wurin aiki zai tura ka wani gari da ke tsakiyar yankin noma na tsawon wata shida, kai kuma tashin babban birni ne, kana so ka ji yadda zaman yake. Wasu sun riga sun amsa maka cewa garin manoma shiru ne, rayuwa da sauƙi, mutanen kuma da kirki. Ban ce ba su faɗi gaskiya ba, amma da ka tambaye su a wane wata suka sauka. Ni ma aiki ya taɓa ajiye ni a irin wannan gari, na ga shuka na ga girbi, kuma garin da na sauka a cikinsa daban yake da wanda na baro. Saboda haka kafin ka nemi gidan haya, fara binciken abin da ake nomawa a yankin, yaushe ake shuka, yaushe ake girbi, kuma ana noman rani ko ba a yi. Sai ka duba inda watanninka shida suka faɗa.

Dalili shi ne kuɗi. Inda ka saba, albashi na shigowa ƙarshen wata, kasuwa ta motsa, ta lafa, ta sake motsawa. A garin manoma yawancin kuɗin sau ɗaya suke shigowa a shekara, sau biyu idan akwai ban ruwa. Kuma ba manomi kaɗai ke jira ba. Tela, makaniki, mai kayan gini, mai sayar da babura, duk idonsu na kan gona ko da ba su da ko kunya ɗaya. Lokacin shuka kuɗi sun shige ƙasa, an sayi iri da taki da mai, an biya 'yan ƙwadago. Za ka ga gari ya yi sanyi, gine-gine sun tsaya a rabi, ciniki ya koma bashi, kowa ka taɓa sai ya ce a bari kaka ta yi. Idan a nan ka sauka za ka rantse garin ya mutu. Da an fara girbi sai ka rasa inda mutane suka fito: dillalai, masu saye daga nesa, direbobin manyan motoci, 'yan dako, masu ɗinkin buhu. Makanikin da jiya yake roƙon ka kawo aiki, yau sai ka bi layi.

Wannan ya shafi masaukinka kai tsaye. Masu gidaje ba su cika son ɗan wata shida ba, sun fi son mai biyan shekara, kuma idan kaka ta gabato ɗakuna na yin wuya domin baƙi sun cika gari. Idan zuwanka ya dace da wannan lokaci, ka kama wuri tun kafin ka taso, a kuma rubuta yarjejeniya da ranar fita.

Akwai abu ɗaya game da masauki da ban ga kowa ya ambata ba, shi ya fi komai muhimmanci a wurina. A irin waɗannan garuruwa duk ɗakin da babu kowa a ciki yana iya zama sito bayan girbi. Masu ajiyar hatsi kuma suna amfani da wata ƙwaya da ake sawa tsakanin buhuna, wadda idan ta sha danshin iska take fitar da iskar gas mai suna fosfin don kashe ƙwari. Iskar nan tana kashe mutum. Tana bi ta tsagar bango, ta ƙarƙashin ƙofa, ta saman silin idan rufin ɗaya ne, kuma an sha rasa iyalai cikin barci ta wannan hanya a ƙasashe da dama. Idan ka je duba ɗaki, kada ka tsaya kan fenti da fanfo. Tambayi abin da ke cikin ɗakin da ke jikin naka, da abin da ake sawa a ciki idan amfani ya zo gida. Idan aka ce sito ne, nemi wani wurin ko da ya fi tsada.

Iska ma kada ka ɗauka cewa barin hayaƙin motocin birni yana nufin ka huta. Akwai watannin da iskar take wasai, ka ji daɗin numfashi. Akwai kuma watannin sussuka da casa, lokacin da ƙaiƙayi da ƙura ke shiga ko'ina, ka share ɗaki da safe ka dawo da yamma ka rubuta sunanka a kan tebur. Bayan haka sai ƙona karan gona. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Indiya, ƙona ragowar shinkafa da ake yi a jihohin Punjab da Haryana cikin Oktoba da Nuwamba yana cikin abubuwan da ke turnuƙe birnin Delhi kowace shekara, to ina ga wanda ke zaune a bakin gonar. Idan kana da asma ko yawan mura, tafi da maganinka isasshe da takunkumin fuska. Ranar da ka ji warin feshi kuma, rufe taga, kwashe shanyarka.

Ruwa. Kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake ɗiba a duniya noma ne ke sha, don haka kada ka yi mamaki idan rijiyar gidanku ta ja baya daidai lokacin da injinan ban ruwa ke ruri dare da rana. Sai kuma ingancinsa: inda ake zuba takin zamani da yawa, sinadarin naitiret na tsiyaya cikin rijiyoyi marasa zurfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin lita ɗaya, kuma jarirai ya fi cutarwa. Tafasawa ba ta fitar da shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi. Idan da jariri za ku tafi, ka san daga ina ruwan shansa yake fitowa. Hanyoyin ruwan ban gona kuma, duk kyan ganinsu da tsananin zafi, ba wurin wanka ba ne. Ruwansu na jan mutum, bangonsu da santsi, a ƙasashe masu zafi kuma ana ɗaukar tsargiya a ciki. Sauro, ai ka san inda ruwa ya kwanta.

Hanya da daddare, idan ba dole ba, ka haƙura. Rake yana fara rasa zaƙinsa da zarar an sare shi, tumatir ba ya jira, shi ya sa motocinsu ke gudu cikin dare da lodi fiye da kima. Ga tarakta mai tafiyar hawainiya, wani lokaci babu fitilar baya.

Yanzu mutanen, wanda ina jin shi ne ainihin abin da ke ranka. Gaskiya ne za su karɓe ka da fara'a, su nuna maka hanya, su taimake ka idan ka maƙale. Amma za ka ji akwai wata 'yar tazara da ba ta rufuwa da wuri, kuma kada ka ga laifinsu. Sun ga irinka da yawa: ma'aikacin banki, malamin asibiti, mai bincike, ɗan kwangila, kowa ya zo ya yi watanninsa ya tafi, wasu da alkawuran da ba a sake jin labarinsu ba. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Abin da na ga yana rage tazarar shi ne ka daina ƙirga kwanakin da suka rage maka a gaban mutane, ka daina cewa "mu a can ba haka muke yi ba". Su ma sun san can ɗin, 'ya'yansu na karatu a can.

Kada kuma tufafi su ruɗe ka. Mutumin da ka gani da taɓo har gwiwa yana iya zama ya zuba a gona abin da ya ninka albashinka na shekara, yana kuma kwana da lissafin da kai ba za ka iya barci da shi ba. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya ƙara hargitsa farashin taki a duniya, manoma sun riga yawancin 'yan boko jin abin a jikinsu. Idan ka zauna cikinsu za ka ji ana maganar farashin mai da canjin kuɗi da hasashen damina da ƙwarewa. Ka yi tambaya, suna son mai tambaya. Shawarar da ka karanto a intanet kan yadda za su gyara nomansu kuwa, riƙe abarka. Haka nan ka kula da bakinka kan ruwan sama: ruwan da ya ɓata maka takalmi wani ya yi mako uku yana duban sama saboda shi, wanda kuma ka ce ya sanyaya gari yana iya zama ya sauka kan amfanin wani da ke shanye a fili.

Idan aikinka na buƙatar tara jama'a, kada ka sa taro da safe a lokacin shuka ko girbi. Ba raini ba ne idan ba su zo ba, kwanakin shuka ƙidayayyu ne. Garin na tashi tun duhu, yana kuma kwanciya da wuri. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini nauyi, domin da dare ya yi babu inda za ka, kuma kewar gida a nan take kama mutum. Nemi abin da za ka riƙa yi da yamma tare da mutane tun makon farko, ko motsa jiki ko zaman hira, kafin waya ta zama abokiyar zamanka ita kaɗai. Labari kuma yana yawo da sauri. Wanda ka gaisar da wanda ka wuce, duk an sani. Asibiti za ka samu na yau da kullum, amma ganin ƙwararren likita sau da yawa sai an yi tafiya, don haka duk wani gwajin lafiya da ya kamata ka yi, ka yi shi kafin ka tashi.

Wani abu da tabbas za a kawo maka idan ka riski kaka: a ce ka sayi buhuna yanzu da araha, ka ajiye, ka sayar idan sun yi tsada. Wasu na samu, ban musa ba. Amma masara sai danshinta ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin 100 kafin ta ajiyu, kai kuma ba ka iya gane busasshiya da cizo ba. Ga kuɗin sito, ga ƙwari, ga farashin da wata shekarar ba ya tashi ko kaɗan. Lokacin da ya kamata a sayar kuma wataƙila ka riga ka koma, sai dai ka riƙa bugo waya kana tambayar wanda ka bar wa mabuɗi. In dai ba kuɗin da za ka iya mantawa da su ba ne, sayi abin da gidanka zai ci kawai.